Masu leƙen asiri sun ƙirga tankoki, amma niyya ta gagare su

Duk sanda wuta ta tashi tsakanin ƙasashe biyu, akwai maganar da ba ta taɓa makara a shafukan sada zumunta da shirye-shiryen rediyo na bugo waya: ai Amurka ta sani tun kafin abin ya faru, ai hukumar leƙen asirinta CIA ce ta kitsa, ai ko allura ba ta faɗuwa a duniyar nan ba da saninsu ba. Da an faɗi haka sai muhawara ta mutu, kowa ya gyaɗa kai. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin takardun da za su gaskata ta ko su ƙaryata ta sun daina zama sirri. An buɗe dubban rahotannin zamanin Yaƙin Cacar Baka, na Amurka da wasu na Tarayyar Sobiyet da na Isra'ila, kuma abin da ke cikinsu ya yi hannun riga da wannan camfi.

Ga matsayina. Hukumomin leƙen asirin manyan ƙasashe sun iya ƙirga abin da ido ke gani, kamar tankoki da jiragen yaƙi da rundunonin da aka jibge a bakin iyaka. Amma a rikice-rikicen da suka fi haɗari, sun sha yin kuskure kan abin da abokin gaba zai aikata da kayan. Kuskuren kuwa yana da tushe biyu da suke ta maimaituwa. Manazarci yakan auna riba da asarar abokin gaba da ma'aunin kansa, ya ga abin ba zai biya ba, ya rubuta cewa ba za a yi ba. Sannan yakan cire takun ƙasarsa daga lissafin, kamar ita tana tsaye cik, ɗaya ɓangaren ne kaɗai ke motsi.

Yadda ake haɗa rahoton ƙiyasi

A Amurka, daga ƙarshen 1950 zuwa 1973, akwai ofishi na musamman a CIA mai rubuta ƙiyasin ƙasa. A lokacin, tambaya takan zo daga fadar shugaban ƙasa ko Majalisar Tsaron Ƙasa. A rarraba ta ga sassan leƙen asiri na Ma'aikatar Harkokin Waje da sojan ƙasa da na ruwa da na sama, kowa ya kawo abin da ya tattara. A yi daftari, wakilai su zauna su bi shi jimla bayan jimla, shugabanni su sa hannu. Wanda ya ƙi amincewa da wani hukunci sai a rubuta saɓaninsa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi.

Kowane rahoto yana amsa tambaya biyu: me abokin gaba zai iya yi, kuma me yake nufin yi. Ta farko hoto da na'urar sauraro suna amsa ta. Ta biyu tana cikin kan mutum ɗaya ko mutum biyar, wani lokaci ma su kansu ba su yanke ba. Kana iya ƙirga buhunan masarar da ɗan kasuwa ya jibge a sito har ka san nauyin kowanne, amma ranar da zai fitar da su ba ta rubuce a jikin buhu.

Wata matsalar tana shiga ne tun a teburin sasantawa. Don kowa ya sa hannu, sai a zaɓi kalmomin da kowa zai iya fassara su yadda yake so. A Maris 1951 an rubuta cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi a kai wa Yugoslabiya hari a shekarar. Sherman Kent, wanda daga baya ya shugabanci ofishin, ya tambayi abokan aikinsa kashi nawa kowa yake nufi. Shi yana nufin kusan 65 cikin 100, amsoshin sauran kuwa sun bazu daga 20 har 80. Mutanen da suka sa hannu a jimla ɗaya ke nan. Kent ya kawo shawarar a ɗaure kowace kalma da lamba: “kusan tabbas” ya zama 93, “rabi da rabi” 50, “da wuya” 30. Abokan aikinsa ba su karɓa ba, kuma a ganina dalilin a fili yake, lamba tana kama mutum idan ya yi kuskure.

Koriya, 1950

A farkon Oktoba 1950, Firayim Ministan Sin Zhou Enlai ya kira jakadan Indiya K. M. Panikkar cikin dare ya gaya masa cewa idan sojojin Amurka suka tsallaka layin da ya raba Koriya biyu, Sin za ta shiga yaƙin. Saƙon ya isa Washington, aka ɗauke shi barazanar baki, musamman da yake ana kallon jakadan a matsayin mai tausaya wa Sin. Ranar 12 ga Oktoba CIA ta rubuta cewa cikakken shigar Sin a 1950 ba abin da ake tsammani ba ne, sai dai in Mosko ta zaɓi yaƙin duniya. Ranar 15 Janar MacArthur, kwamandan yaƙin a ɓangaren Amurka, ya faɗa wa Shugaba Truman kusan haka. Ranar 19 sojojin Sin suka fara ƙetare kogin Yalu, iyakar Sin da Koriya ta Arewa, suna tafiya da dare suna ɓuya da rana. Ranar 4 ga Janairu 1951 birnin Seoul ya sake faɗuwa.

Lissafin manazartan shi ne Sin ta fito daga yaƙin basasa, ba ta da jiragen sama, tattalin arzikinta a durƙushe yake. Duk gaskiya ne. Abin da bai samu nauyinsa ba shi ne yadda rundunar Amurka mai dosar bakin Yalu take a idon shugaban Sin Mao.

Kyuba, 1962

Nan ne darasin ya fi fitowa, don haka zan daɗe a kansa.

A bazarar 1962 jiragen ruwan Sobiyet suka yi ta sauke kaya a Kyuba. Ranar 29 ga Agusta jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hoton wuraren harba makaman kakkaɓo jirage samfurin SA-2. Shugaban CIA John McCone, ɗan kasuwa ne da injiniya ba manazarci ba, ya yi wata tambaya mai sauƙi: waɗannan makamai an yi su ne don harbo jirgi mai tashi can ƙololuwa kamar U-2, to me ake shirin ɓoyewa a ƙasa? Amsarsa ita ce makamai masu linzami masu iya kaiwa Amurka. A Satumba, yana hutun amarci a Faransa, ya yi ta aiko da saƙonni yana nanata haka.

Ranar 19 ga Satumba rahoton ƙiyasi na musamman ya fito. Ya amince cewa girka irin waɗannan makamai a Kyuba zai ba Sobiyet riba ta soja, amma ya yanke cewa hakan ya saɓa da al'adarta da manufarta, kuma zai nuna shirin ɗaukar kasadar da ba a saba ganinta da ita ba. A ranar da aka sa hannu a wannan takarda, makamai masu linzami samfurin R-12, masu cin zangon kusan kilomita 2,000, sun riga sun sauka a tsibirin. Kawunan nukiliyarsu suka iso tashar Mariel ranar 4 ga Oktoba.

Abubuwa uku suka lalace, kuma kowanne ya ƙarfafa ɗan'uwansa. Ginshiƙin hukuncin shi ne cewa Sobiyet ba ta kai irin wannan makami wajen ƙasarta. Ashe ta taɓa yi: a 1959 ta girka makamai samfurin R-5M a Jamus ta Gabas na 'yan watanni, ta kwashe. Sai kuma rahotannin 'yan gudun hijira da 'yan leƙen asiri a ƙasa. An shafe fiye da shekara ana samun rahoton ganin manyan makamai, ana bincikawa ana tarar da ƙarya ko ruɗu, don haka da na gaskiya suka zo a Satumba, aka jefa su kwando ɗaya da na baya. Na uku shi ne hoto. Bayan wani U-2 ya ɓace hanya ya ratsa sararin Sakhalin, aka kuma harbo wani a Sin, manyan jami'an siyasa suka taƙaita shawagi a tsakiyar Kyuba don gudun rikicin diflomasiyya. Yankin San Cristobal da ke yammacin tsibirin, inda ake girka makaman, ya yi fiye da makonni shida babu hotonsa. Tunda an gamsu babu abin gani, ba a matsa a duba ba, tunda kuma ba a duba ba, babu abin da zai rushe gamsuwar.

Ranar 14 ga Oktoba Manjo Richard Heyser ya bi ta kan San Cristobal, washegari masu fassara hoto suka gane abin da ke wurin, da taimakon takardun da Kanar Oleg Penkovsky na leƙen asirin sojan Sobiyet ya sato musu daga Mosko. Ranar 16 aka gaya wa Shugaba Kennedy. Wannan aiki ne na ƙwararru, ba na musa ba. Amma ko a ƙirga an sha kashi a inda aka iya ɓoye kaya a cikin jirgi. Amurka tana ƙiyasin sojojin Sobiyet kusan 10,000 ne a tsibirin, alhali sun haura 40,000, an kawo su cikin kayan farar hula, a kulle a ƙasan jirgi da rana. Akwai kuma ƙananan makaman nukiliya na fagen daga da aka tanada don tarbar masu mamaya, waɗanda girman lamarinsu bai bayyana ga jami'an Amurka ba sai a taron Havana na 1992. Hafsoshin da suke matsa wa Kennedy ya afka wa tsibirin ba su san abin da ke jiran sojojinsu a bakin teku ba.

“Ai Khrushchev ne ya yi wauta, ba manazarta ba”

Kent da kansa ya kare rahoton da kusan wannan hujja bayan shekara biyu: hukuncinsu shi ne abin da shugaba mai hankali zai yi, shugaban Sobiyet Khrushchev ne ya kauce, kuma ga shi ya kwashe makamansa da kunya. Ban yarda ba. An ɗauki manazarci aiki ne don ya faɗi abin da wannan Khrushchev ɗin zai yi, mai zafin kai da son caca, wanda sun shekara suna kallonsa a rikicin Berlin.

Kuma dalilansa suna cikin aljihun Amurka. A Satumba 1961, bayan hotunan tauraron ɗan adam na CORONA, ƙiyasin Amurka ya nuna makaman Sobiyet masu ƙetare nahiyoyi ba su wuce 10 zuwa 25 ba. Wata guda bayan haka mataimakin sakataren tsaro Roswell Gilpatric ya fito fili ya bayyana fifikon Amurka, wato an tona wa Khrushchev asirin cika bakin da ya daɗe yana yi. Amurka ta girka makaman Jupiter 15 a Turkiyya, a bakin ƙofar Sobiyet. Ta ɗauki nauyin mamayar da ta ci tura a gaɓar Kyuba a Afrilu 1961, tana kuma ci gaba da shirin ɓoye na kifar da Castro. Mutumin da aka yi wa duk wannan, girka makami mai matsakaicin zango kusa da maƙiyinsa hanya ce mai arha ta cike giɓi. Amma ƙa'idar aikin ita ce manazarci yana nazarin ƙasashen waje, ba ya auna manufar gwamnatinsa, wani lokaci ma ba a sanar da shi ayyukan ɓoyen da ake yi. Da haka rabin lissafin ya ɓace.

Kogin Ussuri, 1969

Rikicin iyakar Sin da Sobiyet ya fi ban sha'awa ta wani ɓangare, domin ƙasashe uku ne suke ƙoƙarin karanta juna a lokaci ɗaya.

Tsibirin da ke cikin kogin Ussuri, wanda Sinawa ke kira Zhenbao, Rashawa kuma Damansky, bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Asalin gardamar yarjejeniyoyin 1858 da 1860 ne: Mosko ta ce iyaka tana bin gaɓar Sin, Beijing ta ce tana bin tsakiyar mashigar ruwa, wanda hakan ya sa tsibirin a ɓangarenta. Ranar 2 ga Maris 1969 sojojin Sin suka yi kwanton ɓauna suka kashe masu gadin iyakar Sobiyet fiye da 30. Ranar 15 aka gwabza mai zafi, Sobiyet ta yi ruwan rokoki samfurin Grad. Ranar 13 ga Agusta Sobiyet ta rama a iyakar Xinjiang, can yamma.

Mao ya yi nufin ɗan ƙaramin darasi ne mai iyaka, bai hango cewa za a kai ga maganar nukiliya ba. Ranar 18 ga Agusta wani jami'in ofishin jakadancin Sobiyet a Washington, Boris Davydov, yana cin abincin rana da William Stearman na Ma'aikatar Harkokin Waje, ya tambaye shi kai tsaye: me Amurka za ta yi idan Sobiyet ta ragargaza cibiyoyin nukiliyar Sin? A tsakiyar Satumba wani ɗan jarida mai alaƙa da hukumar leƙen asirin Sobiyet KGB, Victor Louis, ya rubuta irin wannan barazana a wata jaridar Landan.

Tauraron ɗan adam ya nuna wa Amurka ƙaruwar rundunonin Sobiyet a iyakar tun daga tsakiyar shekarun 1960, wannan babu gardama. Tambayar ita ce ko maganar Davydov shirin hari ce ko tsoratarwa ce da ake so ta isa kunnen Beijing ta bakin Amurka. Ma'aikatar Harkokin Waje ta ƙiyasta cewa yiwuwar harin bai kai rabi ba, Henry Kissinger kuwa, mai ba Shugaba Nixon shawara kan tsaron ƙasa, ya fi ɗaukar abin da zafi. Shi Kissinger da farko yana ganin Sin ce mai neman faɗa, sai ya duba taswirar Xinjiang ya ga wuraren arangamar suna kusa da ƙarshen layin dogon Sobiyet, suna nesa ƙwarai da na Sin, ya juya ra'ayi. Hujjar tana da kyau ga abin da ya faru a Xinjiang. Ga harin 2 ga Maris kuwa, manazartan da suka ce Sin ce ta fara su ne da gaskiya, kuma masana tarihin Sin sun tabbatar da haka daga baya.

A Beijing ma an yi ƙiyasi, mai kyau kuwa. An sa manyan hafsoshi huɗu da Juyin Al'adu ya ture gefe, Chen Yi da Ye Jianying da Xu Xiangqian da Nie Rongzhen, su yi nazarin halin duniya. Hukuncinsu a Yuli da Satumba shi ne da wuya Sobiyet ta ƙaddamar da babban yaƙi, saboda hankalinta yana kan gasarta da Amurka, kuma Chen Yi ya kawo shawarar a buɗe ƙofar magana da Washington. Abin lura shi ne sun sa ƙasa ta uku a lissafin, sun kuma tambayi abin da Mosko ke tsoro. Duk da haka, bayan ganawar Firayim Ministan Sobiyet Kosygin da Zhou a filin jirgin Beijing ranar 11 ga Satumba, shugabannin Sin suka tsorata cewa tattaunawar da aka sa ranar 20 ga Oktoba yaudara ce, irin yadda Sobiyet ta kama filin jirgin Prague lokacin mamaye Chekoslovakiya a 1968. Aka watsa manyan shugabanni zuwa larduna, ministan tsaro Lin Biao ya sa runduna cikin shirin ko-ta-kwana. Jirgin tawagar Sobiyet ya sauka, masu tattaunawa ne a ciki. Rahoto mai kyau yana kan tebur, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Daga wannan rikici ne hanyar ziyarar sirrin Kissinger zuwa Beijing ta Yuli 1971 da ta Nixon ta Fabrairu 1972 ta buɗe. Tsibirin kuwa ya koma hannun Sin a yarjejeniyar 1991.

“Sun sani, ɓoyewa suka yi”

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma masu ita ba su rasa abin kafawa ba. CIA tana da hannu a juyin mulkin Iran na 1953 da na Gwatemala na 1954, ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba a Kwango a 1960, ta yi aikin raunana gwamnatin Allende a Chile. A rikicin mashigin Tonkin da ke gaɓar Vietnam, a Agusta 1964, an karkata bayanan sauraro don nuna harin da bai faru ba, kamar yadda binciken cikin gida na hukumar sauraron sirri ta Amurka NSA, wanda aka buɗe a 2005, ya nuna. Duk wanda ya ce waɗannan hukumomi ba sa ƙarya ko makirci bai karanta tarihi ba.

Amma iya shirya makirci daban, sanin gobe daban. Rahotannin da nake magana a kansu ba don jarida aka rubuta su ba, an rubuta su ne don shugaban ƙasa, aka kulle su shekaru da dama. Kuma sakamakonsu ya cutar da waɗanda suka dogara da su. Ranakun 4 da 13 ga Satumba 1962 Kennedy ya fito bainar jama'a ya gargaɗi Sobiyet kan kai makaman kai hari Kyuba. Ya ja layin ne a inda yake zaton ba za a taka ba, sai ya wayi gari ya ɗaure kansa da bakinsa ana saura makonni a yi zaɓen majalisa. Wanda ya sani ba ya yi wa kansa haka.

“Da can ne, yanzu tauraron ɗan adam yana ganin komai”

A Oktoba 1973 Isra'ila ba ta rasa bayani ba. Tana ganin gadoji da manyan bindigogin Masar a bakin mashigin Suwez, tana ganin tankokin Siriya a gaban tuddan Golan. Sarki Hussein na Jodan ya je da kansa ya gargaɗi Firayim Ministar Isra'ila Golda Meir ranar 25 ga Satumba. Ranakun 4 da 5 ga Oktoba Sobiyet ta fara kwashe iyalan jami'anta. Wani ƙaramin hafsa a rundunar kudu, Binyamin Siman-Tov, ya rubuta cewa atisayen Masar shirin yaƙi ne, na gaba da shi ya danne rahoton. Abin da ya toshe komai shi ne aƙidar shugaban leƙen asirin soja, Eli Zeira, da mutanensa: Masar ba za ta yi yaƙi ba sai ta samu ƙarfin sama da zai karya na Isra'ila, Siriya kuma ba za ta shiga ita kaɗai ba. Sun ɗauka yaƙi sai don cin nasarar soja. Shugaban Masar Sadat kuwa yana neman ya tsallaka ruwan ne, ya kama 'yan kilomitoci a ƙarƙashin inuwar makaman kakkaɓo jirage, ya tilasta a dawo teburin da aka yi biris da shi a kai. Da ƙarfe biyu na rana, 6 ga Oktoba, 10 ga Ramadan, aka fara. Kwamitin Agranat, wanda ya binciki lamarin bayan yaƙi, ya sa aka cire Zeira da babban hafsan soja David Elazar, Golda Meir ta sauka a Afrilu 1974.

A Washington ma, a ƙarshen Mayu 1973 sashen nazari na Ma'aikatar Harkokin Waje ya rubuta cewa in diflomasiyya ba ta motsa ba, yiwuwar yaƙi kafin ƙarshen kaka ta fi rabi. Da lokacin ya zo, sai hukumomin Amurka suka jingina da natsuwar Isra'ila.

Afganistan ta ƙara nuna wani abu. A 1979 Amurka ta bi motsin rundunonin Sobiyet a kudancin Tarayyar Sobiyet dalla-dalla, amma rinjayen ra'ayi shi ne Mosko ba za ta jefa kanta cikin wannan rami ba. Takardun Kremlin sun nuna cewa a Maris 1979 shugabannin Sobiyet da kansu sun ƙi roƙon shugaban Afganistan Taraki na tura sojoji, da kusan hujjojin da manazartan Amurka ke kawowa. Sai aka kashe Taraki, suka daina yarda da Hafizullah Amin da ya gaje shi, ranar 12 ga Disamba suka yanke akasin haka. Ko da a ce akwai na'ura a ɗakin taron a Maris, da amsar da za ta bayar ta tsufa kafin Disamba.

“To a riƙa bin mai tsoro, kamar McCone”

McCone ya dace a 1962, amma tsoro ma yana da nasa tarihin kurakurai, masu tsada kuwa. A ƙarshen shekarun 1950 an yi ta kururuwar cewa Sobiyet ta tsere wa Amurka a makamai masu linzami, aka kashe maƙudan kuɗi, ashe Amurka ce a gaba nesa ba kusa ba. James Angleton, shugaban sashen farautar 'yan leƙen asirin waje a CIA, ya amince da wani da ya gudo daga KGB, Anatoliy Golitsyn, cewa rabuwar Sin da Sobiyet wasan kwaikwayo ne na yaudarar Yamma. A Mayu 1973 Isra'ila ta yi shirin yaƙi mai tsada bisa gargaɗin da bai tabbata ba, kuma wannan ne ya ƙara wa Zeira daraja har ya zama ba a ja da shi a Oktoba.

Misalin da ya fi ba ni tsoro na Mosko ne. A Mayu 1981 Yuri Andropov, yana shugaban KGB, ya ƙaddamar da shirin RYAN don gano alamun harin nukiliyar ba-zata daga Amurka. An umarci jami'ai a manyan biranen Yamma su riƙa ƙirga tagogin da ke da haske da dare a ma'aikatun gwamnati, su lura da sayen jini a asibitoci da zirga-zirgar manyan mutane. An nemi su aiko da alamu, ba a nemi ra'ayinsu ba. Jami'in da bai yarda za a kai hari ba ma dole ya aiko da wani abu don kada a ce ba ya aiki, cibiya kuma ta tara abin da aka aiko ta ga tsoronta ya tabbata, ta nemi ƙari. Oleg Gordievsky, jami'in KGB a Landan da ke yi wa Birtaniya aiki a ɓoye, shi ya sanar da Yamma wannan hali.

A Nuwamba 1983 ƙungiyar NATO ta yi atisayen Able Archer, na gwajin matakan ba da umarnin amfani da nukiliya. Wata biyu kafin nan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu, ana kuma dab da girka makaman Pershing II a Jamus ta Yamma, masu isa ƙasar Sobiyet cikin mintuna kaɗan. Wasu rundunonin saman Sobiyet a Jamus ta Gabas da Poland suka shiga shiri na musamman. Janar Leonard Perroots, jami'in leƙen asirin sojan saman Amurka a Turai, ya ga alamun, ya ba da shawarar kada a mayar da martani da irin wannan shiri.

A Mayu 1984 ƙiyasin Amurka ya yanke cewa Sobiyet ba ta jin tsoron yaƙi na gaske, farfaganda ce kawai don hana girka makaman. Tushen hukuncin shi ne mu dai mun san ba za mu kai hari ba, su ma ai sun sani. Ga shi kuwa tun 1981 jiragen ruwa da na saman Amurka suna yin kutse na gwaji a bakin iyakokin Sobiyet don tayar mata da hankali, a cikin sirrin da ba kowane manazarci aka sanar da shi ba. Wanda ke auna tsoron Mosko bai ga duk abin da ƙasarsa ke yi don tsoratar da ita ba. A 1990 kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan leƙen asiri ya sake bin takardun, ya soki hukuncin 1984, ya ce mai yiwuwa an kai dangantakar ƙasashen biyu bakin kunamar bindiga ba tare da an sani ba. Wannan rahoto bai fito fili ba sai 2015.

Masana tarihi har yau suna gardama kan yadda aka kusa yaƙi a 1983, wasu suna ganin an zuzuta. Ko da masu wannan ra'ayi ne da gaskiya, laifin rahoton 1984 yana nan, domin ya faɗi da cikakken tabbaci abin da hujjar hannunsa ba ta isa ta tabbatar ba, a kan tambayar da kuskure a cikinta yake nufin yaƙin nukiliya. Ya kamata ya sa lamba a kan hukuncinsa, ya fito da zaton da ya ɗora komai a kai, ya faɗi alamar da in an gan ta zai janye maganarsa, sannan a ba marubutansa jerin abin da sojojin ƙasarsu ke yi a tekun Barents da tsibiran Kuril kafin su ce Mosko ba ta da dalilin tsoro.